Ba-zata Sahib Ya Je Majalisa

Idan ana lissafin mutanen da suka sadaukar da rayuwarsu don talaka, a garinmu Pipalgarh ba a tsallake Seth Girdhari Lal Singhal. Ko an so ma ba a iyawa, don faɗinsa ya kusa cike ƙofar shagonsa. Shi ne mai shagon kayan zaƙi mafi girma a bakin kasuwa. Gashin bakinsa sau biyu ake shafa masa mai a rana. Zobba uku ne a hannunsa na dama, ɗaya na sa'a, ɗaya na lafiya, na ukun kuma don kada biyun su yi kaɗaici. Ni mai ba ku wannan labari shekara ashirin da shida ke nan ina zaune a gindin darbejiyar da ke gaban kotu, ina rubuta wa mutane takardun koke, har sunana ya ɓace kowa sai Munshi-ji, wato malam marubuci. A tsawon wannan zama ban taɓa ganin wanda yake son adalci da babbar murya irin Seth ba.

Shekarar da ya ciyar da 'yan jam'iyyar da ta ci zaɓe laddu, dunƙulallen kayan zaƙin nan, kyauta har kwana tara, sai gwamnatin jiha ta farga ashe mutumin yana da basira ta musamman a harkar gidan yari. Nan da nan aka naɗa shi shugaban kwamitin sa ido mai zaman kansa na kurkukun gundumarmu. Aka haɗa shi da mutum biyu. Ɗaya likita ne, wanda ya koma wani gari kafin takardar naɗin ta iso. Ɗayan tsohon hedimasta ne, ya rasu a shekara ta biyu, ba wanda ya tuna ya sanar da gwamnati. Sunansa ya ci gaba da fitowa a rahoto, kuma a gaskiya bai taɓa saɓa wa shugaba ba.

Gwamnati ta ba kwamitin dogon suna da hatimi, ta manta da sauran. Ba ofis, ba mota, ba akawu, ba ko kuɗin kan sarki na aika wasiƙa. Wani da sai ya yi ƙorafi. Seth kuwa ya mai da abin ado, yana tallarsa ga duk wanda ya shigo sayen alawa.

"Ni ko paisa ɗaya na gwamnati bai taɓa shiga aljihuna ba," in ji shi, yana buga ƙirji zobba na ƙara. "Duk jami'in da kuka ga yana karɓar albashi, to ya jinginar da harshensa. Ni nawa yana nan a bakina, ba na kowa ba ne. Shi ya sa in na doshi ƙofar kurkuku, gandirobobi har gwiwarsu rawa take."

Tunda ba ya cin kuɗin gwamnati, sai yake hawa motar shugaban gidan yari.

Doka ta ce ziyarar kwamiti ta zama ta ba-zata, kuma Seth mutum ne mai bin doka. Saboda haka duk Litinin ɗin farkon wata yakan buga wa Sufuritanda Tomar waya ya ce, "Tomar Sahib, gobe da ƙarfe goma sha ɗaya zan kawo muku ziyarar ba-zata. A turo jif da wuri, kuma a gaya wa direba ya daina taka rami." Daga nan ne garin ya raɗa masa suna Ba-zata Sahib. Ya ji sunan, ya yi murna, har ya tambayi mai buga masa katin suna ko zai shiga a layi na biyu.

Ranar Talata kuwa kurkuku sai ka rantse ɗaurin aure za a yi. An shafe bango da farar ƙasa, har duwatsun gefen hanya da gindin itatuwa. Tomar zai tarye shi a ƙofa da sarƙar furanni. Wani fursuna zai biyo shi da laima. Za a fara da ɗakin girki, inda ake ajiye masa faranti a rufe da farin ƙyalle: gurasa mai laushi tana naso, miyar wake mai kauri, da ɗan yankan albasa. Seth zai gutsura, ya lumshe ido, ya tauna a hankali irin na masana.

"Gishiri ya ɗan yi ƙasa," zai ce, don a san ba a rufe shi. "A gyara. Ba na son sakaci."

Farantin daga gidan Tomar yake fitowa, kuma matar Tomar ta daɗe tana jin haushin maganar gishirin nan.

Daga nan sai fili. Fursunoni sun tsuguna sahu-sahu cikin rana, kowa ya riƙe katinsa a ƙirji, kai a sunkuye. Seth zai tsaya a inuwar laima, Tomar a damansa yana wasa da sanda, babban gandiroba a hagunsa yana kallon fuskoki ɗaya bayan ɗaya.

"'Ya'yana," in ji Seth, "ni ubanku ne. Ba na jin tsoron kowa, ku ma kada ku ji. Duk mai kuka ya miƙe tsaye ya faɗa a gaban kowa."

Shekara huɗu ba a sami mai kuka ba ko ɗaya. Seth yakan ce wannan shi ne babban abin alfaharinsa.

Ƙarshen ziyara a ofishin Tomar ake yin ta, ƙarƙashin fanka, da shayi da soyayyen abu mai zafi. A nan ake rubuta rahoton kwamiti mai zaman kansa. Seth zai kishingiɗa ya dubi rufin ɗaki yana zubo magana da Hindi, wani fursuna kuma a lungu bayan kabad yana mai da ita Turanci a kan tafireta, don rahoto in ba da Turanci ba ne babban birni ba sa ɗaukarsa da daraja. Idan an gama, Tomar ya duba, Seth ya sa hannu ya danna hatimi, Tomar ya aika da kuɗin kan sarkin gidan yari.

Fursunan nan na bayan kabad shi ne Dinanath Kushwaha, kuma saboda shi nake ba da labarin nan. Da can akawu ne a ƙungiyar manoma. Manyan ƙungiyar suka sayar da takin zamani ta bayan fage, da asiri ya tonu sai aka duba takardu aka ga shi ya buga su. Aka ɗaure shi shekara uku. Ya yi ukun cif, ya naɗe bargonsa, ya zauna jiran a kira sunansa. Ba a kira ba. Gidan yari suka ce takardar sallama tana kotu, kotu ta ce tana gidan yari. Gaskiyar da kowa ya sani ita ce, duk kurkukun nan, har da masu kaki, ba mai iya tsara wasiƙar Turanci kamarsa, kuma ba ya karɓar albashi, ba ya zuwa hutu. Tomar ba mugu ba ne na a zo a gani. Mutum ne kawai da ya tsinci abu mai amfani ya ga ba dalilin mayarwa.

Matarsa Phulmati ce take zuwa wurina. 'Yar siririya ce, tana sayar da ganye a bakin tasha, ba ta da yawan magana. Koke goma sha ɗaya na rubuta mata. Daga na biyar na daina karɓar ladan rubutu, ba don kirki ba, don kunya. Na san inda takardun suke zuwa.

Takan ɗauki koken ta kai shagon Seth, ta tsaya a bakin ƙofa ta haɗa tafukan hannu har sai ya gama da masu saye.

"Seth-ji, ni ce dai. Maganar uban yaran nan."

"'Yar'uwa, kin zo inda ya dace," in ji shi, da murya yadda na bakin titi za su ji. "Ƙofata a buɗe take ga gwauruwa da maraya."

"Ai mijina yana raye, Seth-ji."

"To kin gani, ki gode wa Ubangiji. Kawo takardar. Yau ɗin nan za ta isa hannun wanda ya dace."

Wanda ya dace shi ne Tomar. Seth yakan ba direban jif takardar ya ce a kai don jin ta bakin hukuma. Tomar kuma ya miƙa ta bayan kabad ya ce a buga amsa. Haka Dinanath ya zauna da yatsunsa ya buga, har sau goma sha ɗaya, cewa an bincika koken matar fursuna mai lamba ɗari huɗu da sha biyu an ga ba shi da tushe. Phulmati ta ce mini ko kuskuren harafi ɗaya bai taɓa yi a ciki ba. Ranar da ta faɗa mini haka na kasa cin abincin rana.

Ana cikin haka, wata goma sha tara bayan cikar wa'adin Dinanath, sai wasu 'yan majalisar jiha suka kawo ƙudurin doka. Suna so a ware kuɗi a kasafi don masu sa ido a gidajen yari: motarsu daban, akawunsu daban, da lauya da likita da tsohon alƙali a kowace gunduma, su shiga ranar da suka ga dama ba tare da sallama ba. Aka gayyaci shugabannin kwamitoci su zo babban birni su faɗi ra'ayinsu. Seth ya sa surukinsa ya karanta masa ƙudurin sau biyu. Ya ji lauya, ya ji likita, ya ji alƙali, ya jira ya ji mai kayan zaƙi bai ji ba.

"Ɓarnar dukiyar talakawa ce," ya sanar da kasuwa. "Abin da nake yi kyauta shi za a ɗauko 'yan boko a biya? Zan je in gaya musu ido da ido. Kuma da Turanci zan gaya musu, don su san Pipalgarh ba ƙauye ba ne."

A nan ya kamata in yi wa Seth adalci. Yana karanta Turanci. 'Yan mishan sun koya masa har aji shida, kuma sun koya masa da kyau: yana fitar da kowane harafi tar, ya tsaya a waƙafi, ya ja numfashi a aya. Abin da ba su samu sun koya masa ba shi ne ma'ana, don kafin a zo nan babansa ya cire shi ya sa a shago. In ka ba shi jarida zai karanta maka shafi guda ba gargada, in ka tambaye shi me aka ce sai ya ce lamarin duniya ya lalace.

Ya yi ziyarar ba-zata ta musamman don a tsara jawabin. Ya kishingiɗa ya zubo, tafireta tana ƙara a bayan kabad. Washegari aka kai wa Tomar shafi biyar. Ya karanta na farko, inda aka yabi gwamnati. Ya karanta na biyu, inda aka yabi Tomar. Ya leƙa na uku ya ga ana yabon Seth, sai ya yi hamma ya sa a ambulan.

Ranar ganawa da fursunoni Phulmati ta dawo daga kurkuku ta wuce kai tsaye gindin darbejiya. Ta tsuguna kusa da teburina, ta ja mayafi, ta yi ƙasa da murya.

"Munshi-ji, mutumin nan zai kashe ni da raina. Wai ya sa kansa a shafi na huɗu."

"Shafi na huɗu na me?"

"Na jawabin Seth. Ya rubuta komai da komai, da sunansa da lambarsa. Na ce masa, kai uban 'yata Munni, in Seth ya ba wani ya duba masa fa? Ɗakin duhu za su jefa ka, ko su tura ka kurkukun kan iyaka inda ko kuɗin mota ba ni da shi. Sai ya yi dariya. Wai Seth ba zai taɓa yarda wani ya san yana bukatar a duba masa ba."

"In ya gane daga baya ya ce ba da yawunsa ba fa?"

"Na tambaye shi. Wai riga ya ɗinka masa, in ya sa ba zai yarda ya cire ba."

Tsoro ya kama ni sosai, don na san Tomar, na kuma san abin da ake yi wa fursunan da ya ba hukuma kunya.

Kwana shida Seth yana bita a shago. Yana karanta wa masu sayen laddu, yana karanta wa masu suya, yana karanta wa madubi. Ya sa jan alƙalami ya yi alama inda zai buga tebur da inda zai nuna sama da yatsa. Shafi na huɗu ya fi samun jan alƙalami, don ya ce kalmomin wurin sun fi daɗin faɗi a baki. Surukinsa, wanda ya yi jami'a, ya ce, "Baba-ji, kawo in duba maka." Seth ya kalle shi sama da ƙasa ya ce shi yana Turanci tun kafin a haifi uwar surukin.

Ya ɗauki hayar bas ya cika da mutanen gari don su yi masa tafi, da alkawarin abincin rana. Na shiga cikinsu. Duk bas ɗin ni kaɗai nake jin Turanci, ni kaɗai kuma ban yi waƙa a hanya ba.

Zauren ya cika. A sama shugabar kwamitin majalisa ce, wata dattijuwa mai furfura da ake kira Madam Devaki, wadda ta yi shekaru tana koyar da shari'a. A gefe manyan hukumar gidajen yari da taurari a kafaɗa, Tomar a bayansu. 'Yan jarida suna gyangyaɗi, don shugabannin kwamitoci bakwai sun riga sun yi magana kuma duk abu ɗaya suka faɗa. Aka kira Seth. Ya tashi cikin sabuwar riga mai maɓallan azurfa, ya gyara gashin baki, ya fara.

Shafi na ɗaya ya wuce, na biyu ya wuce, na uku ya wuce. Mutanenmu suna tafi duk inda ya buga tebur. Sai ya lashi yatsa ya juya takarda. Ga abin da ya karanta, na mayar muku da shi yadda na ji:

"Ya ku 'yan majalisa masu daraja, abin da na faɗa zuwa yanzu shi ne abin da ake so in faɗa. Amma ni Girdhari Lal ba a haife ni don in ɓoye gaskiya ba. Kwamitina ba shi da mota. Motar shugaban kurkuku ce take ɗauko ni, kuma ni nake gaya masa ranar da zan zo."

Ya buga tebur. Bas ɗinmu ya yi tafi. Wani ɗan jarida ya buɗe ido.

"Ban taɓa taka ɗakin kwanan fursunoni ba. Ɗakin da aka gina don mutum arba'in, mutum ɗari da goma ne a ciki, suna barci karɓa-karɓa. Abincin da nake ɗanɗanawa a gidan shugaban kurkuku ake dafa shi. Ina tambayar fursunoni kukansu alhali mai sanda yana tsaye kusa da ni."

Zaure ya yi tsit. Seth ya ɗago ya ga idanu duk a kansa, alƙaluma sun fara gudu, sai ya gane Turancinsa ya kama mutane. Ya ƙara murya. Ya nuna sama da yatsa.

"Kwamitina ba shi da akawu. Fursuna ne yake buga mini rahoto. Sunansa Dinanath Kushwaha, lamba ɗari huɗu da sha biyu. Wa'adinsa ya cika wata goma sha tara da suka wuce, kuma har yau yana ciki. Matarsa ta kawo mini koke goma sha ɗaya, na miƙa su ga wanda ake kuka da shi, don ba ni da wani wurin kaiwa. Mai sa ido da ba shi da abin hawa sai na wanda yake sa wa ido, baƙo ne kawai mai shan shayi. Ku ba da kuɗin nan. Ku saki mutumin nan. Ni na faɗi tawa, duk abin da zai same ni ya same ni."

A nan jan alƙalami ya yi alama biyu, saboda haka ya buga tebur sau biyu. Ya waiwaya ya yi wa Tomar murmushi, irin na ka ji yadda na yabe ka. Tomar yana zaune baki buɗe, wani mai taurari ya juyo yana kallonsa.

Madam Devaki ta cire tabarau ta goge. Ina jin ta gane komai, don na ga gefen bakinta yana motsi. Ta yi magana da Hindi, a hankali.

"Seth-ji, abin da ka karanta yanzu, duk maganarka ce? Ka tsaya a kanta?"

Wata goma sha tara na Dinanath, da duk watannin da za su biyo baya, suna rataye a bakin mai kayan zaƙi.

"Madam," in ji Seth, ya dafa ƙirji, "kowace kalma daga nan ta fito. Ba wanda ya rubuta mini, ba wanda ya duba mini. In aka sami ƙarya ɗaya a ciki, a aske mini gashin baki a tsakiyar kasuwa."

Wannan karon har 'yan majalisa sun yi tafi. Masu hoto suka yi caa a kansa. Wata lauya ta zo ta riƙe hannunsa tana cewa ba ta taɓa ganin jarumta irin wannan ba. Seth ya ce ai kaɗan ma ta gani, ranar muryarsa ba ta buɗe sosai ba.

A bas ne ya ce in zo kusa da shi. Ya yi ƙasa da murya, abin da ban taɓa jin ya yi ba.

"Munshi, Tomar ya wuce ni bai gaishe ni ba. Kai da kake ɗan taɓa Turanci, wane wuri ne ya fi burge su?"

Na faɗa masa, tun daga mota har zuwa shayi. Fuskarsa ta yi fari, gashin bakin ya kwanta. Washegari shago bai ga Seth ba, aka ce zazzaɓi. Da hantsi jaridu suka iso, hotonsa a shafin farko, yatsa a sama, an rubuta Zakin Pipalgarh da manyan baƙaƙe. Kafin la'asar zazzaɓi ya sauka. Ya fito ya zauna a ƙofar shago da jarida a cinya.

"Shekara huɗu ina shirya wannan rana," ya gaya wa jama'a. "Kuna tsammani banza nake hawa motar Tomar? Leƙen asiri nake yi. Shayin nan da nake sha, da ɗaci nake haɗiye shi."

Dokar ta wuce bayan wata uku. Aka kawo lauya da likita da tsohon alƙali, da wata tsohuwar jif tasu ta kansu. Seth aka yafa masa mayafin girmamawa, aka karɓi hatimi a hannunsa cikin ladabi. Amma wannan daga baya ne. Kwana tara kacal bayan jawabin, babbar kotu ta aiko da umarni, aka tura Tomar hutu, takardar da ta ɓace wata goma sha tara ta fito daga aljihun tebur ba ko ƙura a jikinta.

Ranar sallama Seth ya riga kowa zuwa ƙofar kurkuku, wannan karon a cikin riksha, keken haya, da mai hoto, da sarƙar furanni mai nauyi, da tire biyu na laddu. Jama'a suka taru. Ni da Phulmati muna gefe, ta sa sarinta na zuwa biki.

Da ƙarfe goma ƙaramar ƙofa ta buɗe. Mutum biyar aka sallama a ranar. Na biyu a fitowa wani dogo ne mai tabarau, gashi a kwance, da alƙalami a aljihu. Kowa a kasuwa ya san shi, Bablu ne, mai sayar da garin alli a matsayin maganin basir. Seth ya dube shi, ya dubi tabarau, ya dubi alƙalami, sai ya buɗe hannuwa.

"Dinanath, ɗana. Zo nan. Wahalarka ta ƙare."

Bablu bai san hawa ba bai san sauka ba, amma bai taɓa ƙin abin kyauta ba. Ya faɗa ƙirjin Seth, ya fashe da kuka, ya sunkuya ya taɓa ƙafarsa. Aka rataya masa furanni, aka tura masa laddu a baki. Mai hoto yana ta aiki. Gandirobobin ƙofa suka dubi juna.

Na ƙarshe a fitowa wani gajeren mutum ne mai furfura, ya rame, yatsunsa baƙi da tawadar tafireta, yana ƙifta ido saboda rana. Ya ratsa ta gefen taron. Seth ya hango shi ta kan kafaɗar Bablu, ya ɗauki laddu ɗaya ya miƙa masa.

"Kai ma karɓi, tsoho. Yau ranar farin ciki ce."

Dinanath ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya ƙaraso wurinmu. Phulmati ta karɓi bargon daga hannunsa, hawaye na zuba. Ni kuwa na matsa kusa da shi.

"Dinanath-bhai, ba za ka gaya masa ba?"

Ya waiwaya ya dubi Seth, wanda ya fara jawabi hannunsa a wuyan Bablu. Ya raba laddun biyu ya ba matarsa rabi.

"Munshi-ji, wata goma sha tara na yi taku uku daga kujerarsa ina jiran ya juyo ya dube ni. Ba zan ƙara masa ko minti ɗaya ba. Motar ƙauyenmu sha ɗaya take tashi."

Suka kama hanyar tasha, shi a gaba, ita a baya da bargo.

Hoton ya fito washegari. Seth ya sa an yi masa gilashi, ya rataye shi a saman akwatin kuɗi. Har yau duk wanda ya shiga shagon sai ya nuna masa, ya ce wannan fuskar ko cikin mutum dubu aka saka ta zai gane ta.